Daga Tsaunukan Ural Zuwa Dogon Dutsi: Tarihin Wani Haske Da Ke Kan Hanya

A shekarar 1839 wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Jamus, Gustav Rose, ya samu wani ƙaramin dutse mai duhu da aka haƙo a tsaunukan Ural na Rasha. Ya bincika shi, ya ga haɗi ne na kalsiyom da titaniyom da oksijin, ya raɗa masa sunan wani basaraken Rasha mai son tara duwatsu, Lev Perovski. Tun daga nan ake kiran dutsen ferobiskit. Ba ya ba da haske, ba wanda ya yi arziki da shi. Abin da ya rage masa na daraja shi ne yadda ƙwayoyin atom suka jeru a cikinsa, kuma wannan jerin ne ya gaji sunan. Yau duk wani haɗi da atom ɗinsa suka zauna a kan wannan tsari, ferobiskit ake ce masa, ko da babu kalsiyom ko titaniyom a cikinsa.

A wancan zamani, a ƙasar Arewa ta Nijar, daga Matankari zuwa Tibiri, idan rana ta faɗi abin da ke raba mutum da duhu bai wuce farin wata ba, sai wutar kara ko ice a tsakar gida, sai fitilar kasko mai lagwanin auduga da ake zuba wa mai. Haka dare yake a 1893, shekarar da Horace Wells na jami'ar Yale a Amurka ya haɗa siziyom da dalma da ɗaya daga cikin ƴan'uwan nan uku, kulorin da buromin da aidin, ya samu wasu gishirai masu launi, ya rubuta bayaninsu ya wuce. Haka kuma yake shekara shida bayan nan, a Afrilun 1899, lokacin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, Sarauniya Mangu ta tare ta. Gishiran Wells su ne ainihin abin da ake gasa a kansa yau a ɗakunan bincike na duniya, amma sun yi shekara 65 ba wanda ya san cewa tsarin ferobiskit gare su, sai da Christian Møller na Kwapanhagan ya nuna haka a 1958, ya kuma lura cewa idan haske ya same su suna barin lantarki ya ratsa su.

A tsakanin waɗannan shekaru ne aka haifi tunanin da labarin nan ya dogara a kansa. A cikin kiristal irin na semikondakta, ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron suna zaune a wani mataki na ƙasa, kowa da wurinsa. Idan haske ko wutar lantarki ta ba ɗaya daga cikinsu isasshen ƙarfi, sai ya haura mataki na sama, ya bar gurbi a inda ya tashi. Gurbin nan ba fanko kawai ba ne: yana aiki a matsayin ƙwaya mai cajin da ya saɓa wa na ilektiron, don haka su biyun suna jan juna. A 1931 Yakov Frenkel na Leningirad ya ce wannan jan yana iya ɗaure su su zama abu guda da ke yawo cikin kiristal ɗauke da ƙarfi amma ba ya ɗauke da caji, daga baya ya sa masa suna eksiton. Gregory Wannier a 1937 da Nevill Mott a 1938 suka nuna cewa a wasu kiristal ɗin ɗaurin yana da tsawo, ilektiron yana zagaya gurbinsa daga nesa, tazarar atom masu yawa. Akuya ce a turke: tana kewayawa iyakar igiyarta, idan igiyar ta yi ƙwari tana nan, idan aka fizge ta da ƙarfi ta tsinke ta bi gari. Mai fizgar shi ne zafi. Idan kuwa ilektiron ya koma gurbinsa kafin a raba su, ƙarfin da ya ɗauka sai ya fito a matsayin ƙwayar haske guda, launinta kuma ya danganta da nisan da ke tsakanin matakan biyu. Nisa mai yawa ya ba da shuɗi, matsakaici ya ba da kore, kaɗan ya ba da ja.

Shekara ashirin tunanin Frenkel yana kan takarda. A farkon shekarun 1950 Evgeny Gross da ɗalibinsa Karryev, su ma a Leningirad, suka sanyaya kiristal na jan ƙarfe da oksijin ƙwarai, suka haska shi, suka ga jerin layuka sirara a daidai inda lissafin Wannier da Mott ya ce za a gan su. Daga ranar eksiton ya zama abin aunawa.

A Arewa kuwa kananzir ya shigo. Fitilar ƙwai ta zama ta mai hali, aci-bal-bal da ake ƙerawa da gwangwani ta zama ta kowa, ta mai shayi da mai tsire da ɗan makaranta mai haddar darasi. Duk wanda ya yi karatu da ita ya san baƙin da ke fita a hanci da safe, ya kuma san labarin wata bukka ko rumbu da ta cinye. An kafa kamfanin wutar lantarki na Nijar, NIGELEC, a 1968, a 1976 kuma aka ja layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wanda ya ratsa jihar Doso ɗauke da wutar madatsar Kainji. Wayar ta bi manyan garuruwa, ƙauyuka suna kallonta daga nesa. Akwai mutum ɗaya da ya hango tun lokacin cewa waya ba za ta iya kai wa kowace rugga da kowace tunga na ƙasa mai faɗin Nijar ba: Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziks, wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985. Ya sa aka ƙera tukwanen dumama ruwa da murhu da injin jan ruwa masu aiki da rana. Amma a zamaninsa akwai giɓi babba da ba shi da yadda zai cike. Ƙwan lantarki mai zare yana mayar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa zafi, ba haske ba. Faifan sola yana da tsada, ƙwan yana da ci, don haka hasken rana da dare bai zama na talaka ba.

Abin da ya cike giɓin shi ne fitilar LED, wadda ba ta ƙona komai, ilektiron da gurbi kawai take haɗawa. Nick Holonyak ya yi ja a 1962. Shuɗiya ta gagari duniya shekara talatin, sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Nagoya suka buɗe hanya a 1989, Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya fito da mai haske sosai a 1993. Da aka shafa wa shuɗiyar wani gari mai mayar da ɓangaren haskenta rawaya, sai fari ya fito, a 1996. Wannan farin ne ke cikin kowace tocila ƴar Sin da ake sayarwa a kasuwar Dogon Dutsi da Kore Mairuwa da Geceme, shi ne a bayan wayar salula, shi ne a ƙwan da mai cajin waya ya rataya a rumfarsa. Cikin shekaru kaɗan ya kori aci-bal-bal daga yawancin gidaje ba tare da wata doka ko gangami ba. Da aka ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014, masu bayarwar sun ambaci mutum fiye da biliyan ɗaya da rabi da wayar lantarki ba ta kai gare su ba. Mutanen Dallol Mauri, kwarin da ya ratsa ƙasar Arewa, suna cikin lissafin.

Sai dai LED ɗin da muka sani ana gina ta ne a cikin injuna masu tsada, a zafin da ya kai digiri dubu, a masana'antu ƙalilan na duniya. Nan ne tsohon gishirin Wells ya dawo, ta hanyoyi biyu da suka daɗe suna tafiya dabam.

Hanya ta farko ta ƙanƙanta ce. A 1981 Alexei Ekimov, a wata cibiyar binciken gilashi a Leningirad, ya ga cewa ƙananan kiristal da ke cikin gilashi suna canza yadda suke shan haske gwargwadon girmansu. Louis Brus ya ga irin haka cikin ruwa a Amurka a 1983, Moungi Bawendi kuma ya gano yadda ake dafa su su fito girma ɗaya a 1993. Dalilin yana komawa kan eksiton. Kowane kiristal yana da faɗin da eksiton ɗinsa ke son zagayawa. Idan ƙwayar kiristal ɗin ta fi wannan faɗi ƙanƙanta, an matse eksiton ke nan, ƙarfinsa ya ƙaru, launin haskensa ya karkata wajen shuɗi, kuma ilektiron da gurbi ba su da inda za su guje wa juna. Ana maganar nanomita ne, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ekimov da Brus da Bawendi sun karɓi Nobel a 2023.

Hanya ta biyu ta ferobiskit ce kanta. Dieter Weber na Jamus ya haɗa wani sabon nau'i a 1978, ya sa wata ƙaramar ƙwaya mai kabon da naitirojin a gurbin siziyom. A 1989 Teruya Ishihara da abokan aikinsa a jami'ar Tohoku ta Japan suka auna eksiton a wani ferobiskit mai falle-falle, suka ga ɗaurinsa ya wuce meV 300 a ma'aunin ƙarfi. Wannan adadi yana da ma'ana idan an san abin gwadawa: fizgar da zafin ɗaki ke yi kimanin meV 26 ce. Eksiton da ɗaurinsa bai kai haka ba zai rabu, wanda ya ninka haka sau goma ba abin da zai taɓa shi. A 1994 Masanao Era da abokansa a jami'ar Kyushu suka yi fitila da irin wannan ferobiskit, ta kama, amma sai a sanyin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili. Fitilar da ba ta aiki sai a irin wannan sanyi ba ta da kasuwa, aka bar zancen.

Masu neman faifan sola mai arha ne suka farfaɗo da shi. A 2009 Tsutomu Miyasaka da ɗalibinsa Akihiro Kojima a Yokohama suka yi ɗan faifai da ferobiskit wanda ke mayar da kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana zuwa wuta, yana kuma narkewa cikin mintoci. A 2012 ayarin Nam-Gyu Park na Koriya da na Henry Snaith na Okusfod suka kai shi wajen kashi 10. Daga nan duniya ta ruɗe. Akwai wata ƙa'ida a wannan fanni: abin da ya ƙware wajen shan haske ya ba da wuta, ya kamata ya ƙware wajen shan wuta ya ba da haske. A 2014 Zhi-Kuang Tan, a ɗakin binciken Richard Friend a Kembirij, ya kunna fitilar ferobiskit a zafin ɗaki. Ƙoƙarinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma ta kama.

Shekarar 2015 ce hanyoyin biyu suka haɗu, kuma a ganina ita ce shekarar da ta fi kowace muhimmanci a labarin. A Zurik, Loredana Protesescu da Maksym Kovalenko suka ɗauki gishirin nan na 1893 suka dafa shi cikin kwalba a zafin da bai wuce digiri 200 ba, cikin daƙiƙoƙi ya fito ƙananan murabba'ai masu faɗin nanomita 4 zuwa 15. Da aka haska su, suka mayar da har kashi 90 cikin ɗari na hasken da suka sha. Mai kulorin ya ba da shuɗi mai duhu, mai buromin kore, mai aidin ja, idan aka gauraya kuma a samu duk launin da ke tsakani, daga zangon haske na nanomita 410 zuwa 700, wato kusan duk abin da idon ɗan Adam ke gani. Launin kuma tsantsa ne, bai bazu ba. Sun ƙiyasta faɗin eksiton da ɗaurinsa: nanomita 5 da meV 75 a mai kulorin, 7 da 40 a mai buromin, 12 da 20 a mai aidin. A shekarar ce kuma, a ɗakin maganaɗisu mai ƙarfi na Tuluz a Faransa, aka auna ɗaurin eksiton a ferobiskit ɗin da ake faifan sola da shi, aka samu meV 16 kacal a tsananin sanyi, ƙasa da haka a zafin ɗaki. Sai al'amarin ya fito fili. Faifan sola yana son eksiton mai saurin rabuwa, don ilektiron ya bi waya ya tafi aiki. Fitila tana son eksiton mai riƙo, don ya koma gurbinsa ya ba da haske. Iyali ɗaya na ferobiskit yana ba da duka biyun, gwargwadon yadda aka haɗa shi da yadda aka yanka girmansa.

Akwai abin da ya ba masana mamaki fiye da launi. Kowane kiristal da aka dafa a gaggauce yana da aibi, atom ya ɓace nan, wani ya kauce can. A yawancin semikondakta irin waɗannan wurare tarko ne: ilektiron ya faɗa ciki, ƙarfinsa ya tafi a zafi, haske ya mutu. Shi ya sa sauran ƙananan kiristal sai an lulluɓe su da wani ɓawo kafin su yi haske sosai. A ferobiskit mai dalma yawancin aibin ba su da zurfi, ilektiron ya faɗa ya fito. Wannan haƙurin da aibi shi ne sirrin arharsa.

An kuma yi wata muhawara da ta cancanci a faɗe ta, don tana nuna yadda ilimi ke tafiya. Eksiton yana da yanayi iri biyu dangane da yadda ilektiron da gurbi ke juyawa: mai haske, wanda ke saurin fitar da ƙwayar haske, da mai duhu, wanda ƙa'ida ta hana shi fitarwa cikin sauƙi. A duk kiristal ɗin da aka sani, mai duhun ne a ƙasa, don haka eksiton yakan gangara can ya yi jinkiri. A 2018 Michael Becker da masana daga Zurik da Amurka, cikinsu har da Alexander Efros wanda ya yi lissafin farko na ƙananan kiristal tun 1982, suka ce a ferobiskit mai siziyom abin ya juye, mai hasken ne a ƙasa, shi ya sa yake fitar da haske kimanin sau 20 fiye da saurin sauran a zafin ɗaki, sau dubu a tsananin sanyi. Shekara guda bayan haka Philippe Tamarat da Brahim Lounis na Bordo suka sa ƙwayar kiristal guda ɗaya tak, ta wani nau'i makusanci, cikin maganaɗisu, suka ga mai duhun yana nan a ƙasa kamar kullum, sai dai gangarawa zuwa gare shi tana da wuya, har eksiton ya riga ya ba da haskensa kafin ya isa. Ba a yi faɗa ba, an koma awo. A 2018 ɗin dai wasu ayarori, ciki har da biyu a Sin da ɗaya a Japan, suka tsallake kashi 20 cikin ɗari a ƙoƙarin fitilar. Shekara huɗu ke nan daga ƙasa da kashi ɗaya.

To me ya hana ta zuwa kasuwar Dutsi? Abu biyu, kuma dukansu sun shafe mu fiye da yadda suka shafi waɗanda suka ƙirƙiro ta.

Na farko rashin juriya. Kiristal ɗin ferobiskit mai laushi ne, atom ɗin buromin da aidin suna ƙaura a cikinsa idan wuta ta bi ta kansu. Wanda aka gauraya don ya ba da wani launi sai ya rabe, launin ya canza. Mai aidin idan ya sha laima yakan rikiɗe ya zama rawaya marar haske. Shuɗiyar fitilar ta fi kowace saurin mutuwa, alhali LED ɗin da ke kasuwa tana yin awa dubu goma-goma. Wani zai zaci zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a Dutsi, zai tsinke eksiton ɗin. Lissafi bai nuna haka ba: a digiri 45 fizgar zafi meV 27 ce da ɗoriya, bambancinta da ta ɗakin bincike kaɗan ne. Ɓarnar zafi a jikin kiristal ɗin take, yana gaggauta ƙaurar atom, yana kore man da ke rufe fuskar ƙananan ƙwayoyin, yana buɗe tarkon da a da babu. Fitilar da za ta kwana ƙarƙashin rufin kwano a bazara, ta sha laimar Agusta, ta sha ƙurar hunturu, jarrabawarta ta fi ta ɗaki mai sanyaya iska.

Na biyu dalma. Kusan duk ferobiskit mai haske sosai yana da ita, kuma a siffar gishiri mai narkewa a ruwa. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalma daga littafi. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ƙasar da ba ta da nisa da mu, yara aƙalla 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Gaskiya ne abin da ke cikin fitila ɗaya ɗan kaɗan ne ƙwarai, batirin sola guda ɗaya ya ninka shi nesa ba kusa ba. Amma mun san inda mataccen tocila ke ƙarewa a ƙauye: a juji, inda yara ke tono suna fasawa, inda ruwan sama ke wankewa ya gangara fadama. A kudancin Dallol Mauri, wajen Tibiri da Geceme, ruwa yana kusa da ƙasa, da shi ake sha, da shi ake ban ruwan rake da rogo. An gwada kuza a madadin dalma, iska tana lalata ta da sauri, haskenta kuma bai kai ba.

Buƙatar kuwa ba ta ragu ba. Har yanzu kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci. An buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da ke bin layin Birnin Kebbi, ba ta dawo ba sai a Maris na 2024, kuma a waɗannan watanni ƙaramin faifai da batir da ƙwan LED su suka riƙe gidaje da shaguna da yawa. A Satumban 2024 kamfanin Oxford PV ya fara sayar da faifan sola mai ferobiskit a kan silikon. Kaya irin wannan idan ya yi arha a Sin, ba ya daɗewa bai iso Kwanni da Kamba da Dutsi ba, mai kyau da marar kyau a buhu ɗaya.

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni tun 1992, akwai jami'a a Doso, akwai a Maraɗi, akwai a Sakkwato da Birnin Kebbi. Dafa ƙananan kiristal na ferobiskit ba ya buƙatar masana'anta, kwalba da murhun ɗakin bincike da na'urar awon haske sun isa. Auna yadda suke mutuwa a zafinmu da ƙurarmu, da bin sawun inda dalmarsu ke zuwa a ƙasarmu, aiki ne da ɗalibi ɗan Matankari ko Dumega zai iya yi, kuma ba wani a Zurik da zai yi mana shi. Hukumomin jami'o'in nan da masu ba da kuɗin bincike su sa hannu a wannan aiki tun kayan ba su cika kasuwa ba.